KUJERA UKU A BAKIN TAFKI: Ziyarata Zuwa Walden

Kafin in kai ku inda na je, bari in fara gaya muku inda na fito, domin in ba ku san gidanmu ba, ba za ku gane abin da ya kai ni bakin wani tafki a ƙasar Amurka ba.

Gidanmu gidan yawa ne. Mu bakwai ne 'yan mata a ɗaki ɗaya, akwati kan akwati, katifa kan katifa. Ba ki isa ki ajiye man shafawarki ki dawo ki tarar da shi yadda kika bar shi ba. In aka aiko miki da wasiƙa, kafin ki kai ƙarshenta an riga an haddace ta a tsakar gida. Kai, ko kuka kike son yi sai dai ki shige banɗaki, can ma wata ta zo tana dukan ƙofa wai ki yi sauri ruwanta zai huce.

To ina cikin wannan hali ne, ina aji biyu a makarantar kwana, na tsinci wani tsohon littafin Turanci a laburare, bangonsa duk ya yage. Sunansa Little House on the Prairie, wata mata Laura Ingalls Wilder ta rubuta shi, ya fito a 1935. Labarin ƙuruciyarta ne ta mayar da shi ƙagaggen labari: yadda mahaifinta ya kwashi iyalinsa a keken doki ya kai su tsakiyar wani makeken fili a Kansas, ya sari itatuwa ya jera gungume kan gungume ya yi musu ɗaki guda. Ba maƙwabci kusa, ba kishiya, ba facala, ba mai leƙa tukunyar wani. Da dare uban ya ɗauko gogensa yana yi musu kiɗa, kyarketai suna kuka a waje, su kuwa suna ciki a bakin murhu. Ke dai bari 'yar uwa! Sau huɗu na karanta shi. Daga ranar na ƙudurta a raina cewa ni dai in Allah ya ba ni miji na gari, ba abin da nake nema sai ɗaki ɗaya da shiru. Kun dai san irin alkawarin da samari suke yi a littattafanmu na soyayya, wai zan ɗauke ki mu tafi inda ba kowa sai ni sai ke. Ni kam na ɗauki maganar da gaske.

Ashe roƙona yana nan tafe. A ƙarshen 2021 aka ɗaura mini aure, na bi maigidana birnin Boston inda yake ƙarin karatu. Aka kai ni wani gida a hawa na uku, ɗaki da falo, tsaf-tsaf. Shi kuwa ya fita tun da sassafe, sai dare. A watan Disamba a garin nan ƙarfe huɗu da 'yan mintoci rana ta faɗi. Dusar ƙanƙara ta rufe titi. Ba almajiri, ba mai talla, ba yarinyar da za a aiko a ce wai Inna ta ce a sam mata gishiri. Wata tsohuwa ce a ƙofar da ke kallon tamu, wata uku ban san sunanta ba. Man shafawata kuwa yana nan daidai inda na ajiye shi. Wata rana na zauna a tsakiyar falo na yi kuka mai isata, ban rufe ƙofar ɗaki ba, ba kuma wanda ya ce in yi sauri.

Don in rage zafi sai na yanki katin laburaren unguwarmu, na koma wa tsofaffin abokaina, wato littattafan masu zaman daji. Na karanta sauran na Laura, na karanta na wani dattijo a Alaska, daga ƙarshe na ɗauko uban tafiyar, wato Walden na Henry David Thoreau, wanda ya fito a 1854. Gaskiya Turancinsa da tauri, wani shafin sai na maimaita sau uku, kuma mutumin akwai iyayi da son yi wa jama'a faɗa. Amma na kasa ajiye shi. Na dami maigidan da zancensa safe da dare, har wata Asabar a watan Oktoba na 2022 ya dube ni ya ce, "Amarya, tunda kin hana bawan Allahn nan sakat, shirya mu je ki ga ɗakin nasa, ai nan ne kusa."

Na ce, "Kusa kamar yaya, Yaya? Mutumin da ya shiga dokar daji?"

Dariya kawai ya yi.

Jirgin ƙasa muka hau daga tashar arewa ta Boston, kafin in gama gyara zama, cikin kamar minti 40, har mun sauka a garin Concord. Tsakaninsu kamar kilomita 30 ne. Ƙaramin gari ne mai fararen gidajen katako, ga shi lokacin kakarsu ne, ganyen itatuwa ya rikiɗe, wani ja jawur, wani rawaya, sai ka ce an shanya atamfofin lefe. A garin nan ne ma gidan Louisa May Alcott yake, wadda ta rubuta Little Women, amma ranar ba ta ita nake yi ba. Muka miƙe kudu a ƙafa, muka tsallaka wani babban titi da motoci ke sheƙa gudu, ina ta baza ido in ga inda daji zai fara. Sai ga mu a wurin ajiye motoci. Ga masu tura jarirai a keke, ga ɗalibai da jakunkuna, ga wasu tsofaffi biyu suna iyo a cikin wannan uban sanyi. Maigidan ya ce, "To ga dokar dajin taki." Jikina ya yi sanyi.

A gefen wurin motocin aka gina kwaikwayon ɗakin, da mutum-mutumin mai ɗakin a tsaye a gabansa. Na shiga. Faɗinsa ƙafa 10, tsawonsa ƙafa 15, ƙofa ɗaya, taga biyu, murhun bulo a ƙurya. Wallahi bai kai ɗakinmu na 'yan mata ba. Akwai ɗan gado, da tebur, da wani koren teburin rubutu, sai kujeru. Na ƙirga su, uku ne. Na san da su tun a littafi, amma ganinsu a jere a wannan ɗan tsukukun wuri ya sa na yi tsaye. Mutumin da ya gudu daga jama'a, me zai yi da kujera uku?

Bari in ba ku labarinsa kaɗan, don na san akwai inda zai taɓa ku. An haife shi a 1817 a nan Concord, ya yi karatu a jami'ar Harvard, sana'ar gidansu kuwa yin fensir. Yana da wa mai suna John, sun shaƙu matuƙa, tare suka buɗe makaranta suna koyarwa. A 1839 wata budurwa 'yar shekara 17 mai suna Ellen Sewall ta zo garin baƙunta, sai wa da ƙani duk suka kamu da sonta. A 1840 John ya fara gabatar da kansa, ta amsa, daga baya ta janye. Sai Henry ya rubuta mata tasa wasiƙar. Mahaifinta, wanda limamin coci ne, bai yarda da irin ra'ayoyin samarin ba, ya umarce ta ta ba shi haƙuri, ta kuwa bi maganar mahaifinta. Ba a daɗe ba, a watan Janairu na 1842, John ya yanke a yatsa da reza, ciwon nan mai sarƙe haƙora ya shige shi, ya rasu a hannun ƙaninsa. Ellen ta auri wani a 1844. Henry bai taɓa aure ba har tarin fuka ya kashe shi a 1862 yana da shekara 44.

Kun ga ke nan wanda ya tare a bakin tafkin nan ranar 4 ga Yuli, 1845, ba jarumin daji ba ne. Saurayi ne ɗan shekara 27 da ya rasa budurwa ya rasa ɗan uwa, yana neman inda zai zauna ya rubuta littafin tunawa da wansa, ya kuma gwada ko mutum zai iya rayuwa da kaɗan. Ya lissafa kuɗin ginin har kwabo, dala 28 da 'yan canji. Ya noma wake kusan eka biyu da rabi, wani ɗan dabba mai kama da gafiya yana yi masa ɓarna. Ya zauna shekara biyu da wata biyu da kwana biyu, ya tashi ranar 6 ga Satumba, 1847.

Ainihin inda ɗakin yake sai an yi tafiyar kamar rubu'in awa a gefen ruwa, ta wata siririyar hanya da aka killace da waya. A nan ne na fara yafe wa wurin. Ruwan garai-garai yake, kina hango tsakuwar ƙasa. Ba rafin da ake gani yana shiga, ba wanda yake fita. Wani ƙaton dutsen ƙanƙara ne ya narke a wurin fiye da shekara 10,000 da suka wuce ya bar rami. A zamanin Thoreau mutanen gari suna cewa tafkin ba shi da ƙasa, shi kuwa ya hau kan ƙanƙara lokacin sanyi da igiya da dutse ya auna, ya sami ƙafa 102, kuma masu awo na baya sun tarar bai kauce ba sosai. Hayaniya ta ragu a bayanmu, sai ƙarar busasshen ganye a ƙarƙashin takalmi. Na ce a raina, lallai wanda ya wayi gari yana kallon wannan dole ya yi rubutu.

Ɗakin kansa babu shi, tun da daɗewa aka ɗauke shi aka wargaza. Har an manta takamaiman wurin, sai a 1945 wani mai suna Roland Robbins ya yi ta haƙa har ya gano harsashin murhun. Yanzu an kafa gajerun ginshiƙan dutse an zagaye da sarƙa. A gefe akwai tarin duwatsu da baƙi suke ta jefawa tun 1872, wasu daga ƙasashensu suke zuwa da nasu. Ina tsaye ina ƙoƙarin jin wannan shirun da na yi shekaru ina mafarki, sai na ji ƙugi. Jirgin ƙasa ne ya ratsa ta ƙarshen tafkin, kuma layin da muka zo a kansa ne. Tun 1844 aka shimfiɗa shi, shekara guda kafin mai ɗakin ya tare. Ta gefen wannan layin dogo yake bi ya shiga gari kusan kullum ko bayan kwana biyu, ya ji labarai, ya leƙa gidan mahaifiyarsa, tafiyar da ba ta fi rabin awa ba.

Maigidan ya kwashe da dariya har da riƙe ciki. Ya ce, "Ashe malamin naki ɗan Umma ne! In yunwa ta ci shi sai ya garzaya gida."

Na ji haushi, na ce, "Haba Yaya, ai bai ɓoye ba." Kuma gaskiyata ce, a littafin ya faɗi cewa yana shiga gari, yana cin abinci a gidajen mutane, yana yin baƙi. Ni ce dai idona ya tsallake waɗannan shafuka, don ba su nake nema ba. Filin na abokinsa ne, marubucin nan Ralph Waldo Emerson. Gatarin da ya sari itace da shi aro ne. Katakon bango a wurin wani lebura ɗan Ailan mai aikin layin dogo ya saya. Ranar ɗaga ginshiƙai abokai ne suka zo suka yi masa gayya. Ko a watan Yuli na 1846 da aka kama shi don ya ƙi biyan haraji, saboda adawarsa da cinikin bayi, ya shiga gari ne karɓo takalminsa a wurin mai gyara, kuma kwana ɗaya ya yi a tsare wani ya biya masa.

Muka sami wani kututture muka zauna, na buɗe kular da na zo da ita. A nan ne wata mata ta faɗo mini a rai, wadda ba a yi mata mutum-mutumi ba. Kafin Thoreau, wannan dajin matsugunin waɗanda gari ya ture ne, musamman baƙaƙen fata da suka fita daga bauta. Cikinsu akwai Zilpah White. Ita kaɗai ta zauna shekaru masu yawa a wani ɗan ɗaki a bakin hanyar da muka biyo, tana kaɗi da saƙa tana sayar wa mutanen gari, tana kiwon kaji. A lokacin yaƙin da aka fara a 1812 tsakanin Amurka da Ingila aka cinna wa ɗakinta wuta ba ta nan, karenta da kyanwarta da kajinta duk suka ƙone. Ta rasu a 1820. Shi kansa Thoreau ya ambace ta a littafinsa, amma a 'yan layuka. Allah sarki! Shi ya zo da ƙafarsa, ranar da ya gaji ya koma gida aka shimfiɗa masa gado. Ita fa, wane gida za ta koma? Na daɗe ina kallon ruwan nan ina tunanin wannan baiwar Allah, wadda wataƙila kakanninta daga ɓangarenmu na duniya aka kwaso su. Abincin ma kasa ci na yi.

Tunaninta ne ya jawo mini na wata matar, wato mahaifiyar Laura. Da ina yarinya uban nake gani da gogensa. Da na sake karantawa a matsayin matar aure, sai na ga uwar. Ita aka raba da danginta, ita gungume ya faɗo wa a ƙafa wurin ginin ɗakin, ita ke kwana da fargaba in mijin ya tafi gari sayen gishiri da sukari, tafiyar kwanaki. Filin ma da suka zauna ƙasar ƙabilar Osage ce, ba tasu ba, kuma ba su daɗe ba suka bar shi. Akwai inda zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da gidan gaba ɗaya, ba mai iya miƙa wa wani ruwa. A lokacin ba su san sauro ne ba, har wasu na ɗora laifin a kan kankana. Wa ya cece su? Wani likita baƙar fata, George Tann, da maganinsa mai ɗaci, da wata maƙwabciya da ta zo ta yi jinyarsu.

A cikin littattafanta wanda na fi so yanzu shi ne The Long Winter, labarin sanyin 1880 zuwa 1881 a garin De Smet na yankin Dakota. Ƙanƙara ta toshe layin dogo wata da watanni, abinci ya ƙare, gawayi ya ƙare. Suka koma niƙa alkama a 'yar injin niƙan gahawa ta hannu daga safe har dare, suna murɗa busasshiyar ciyawa tana zama makamashi har hannuwansu suka tsattsage. Wasu samari biyu ne suka sayar da rai suka nemo wa gari alkama, ɗayansu Almanzo Wilder, shi Laura ta aura a 1885 tana da shekara 18. Na san nan za ku ce madalla, an yi aure labari ya ƙare. Ina! Gwamnati tana ba da eka 160 ga wanda ya iya zama a kai shekara biyar, bisa dokar 1862, amma ƙanƙarar sama da fari suka cinye amfanin gonarsu. Cutar mashaƙo ta kama su a 1888 ta bar mijin da raunin ƙafa har mutuwarsa. A watan Agusta na 1889 jaririnsu ya rasu, a watan nan kuma gidansu ya ƙone. A wurin iyaye da dangi suka fake kafin su farfaɗo. Sai da ta kai shekara 65, a 1932, ta fitar da littafinta na farko, kuma ta bar wasu abubuwan a waje, kamar rasuwar ƙaninta yana ɗan wata tara.

Shi kuwa dattijon Alaska da na ambata, Richard Proenneke, na littafin One Man's Wilderness, shi kam ya shiga daji na gaske. A 1968, yana da shekara sama da 50, ya gina ɗakinsa da hannu a bakin tafkunan da ake kira Twin Lakes, har marfin ƙofa da cokali da itace ya sassaƙa, ya yi kusan shekara 30 a can. Amma shi ma akwai wani abokinsa matuƙin ƙaramin jirgin sama da yake sauka a kan ruwa ya kawo masa gari da wake da wasiƙu, kuma duk mai karatu zai lura da yadda yake kasa kunne yana jiran ƙarar jirgin. Wanda ya yanke kowa da kowa shi ne saurayin nan Chris McCandless na littafin Into the Wild, wanda ya bar iyayensa ba sallama ya shiga dajin Alaska a watan Afrilu na 1992. A watan Satumba mafarauta suka tarar da gawarsa a cikin wata tsohuwar bas, yana da shekara 24. Wannan littafin sau ɗaya na karanta, ban kuma ba.

La'asar ta yi, sanyi ya fara sauka. Kafin mu koma tasha muka biya ta maƙabartar garin, inda aka binne Thoreau kusa da iyayensa da 'yan uwansa. Dutsen kabarinsa ɗan ƙarami ne, bai fi littafi girma ba sosai, sunansa na fari kawai aka rubuta, baƙi sun zube fensira a gabansa. A jirgi na yi shiru ina kallon taga. Da muka zo daidai tafkin na hango shi ta tsakanin itatuwa, ƙyal, kamar an haska madubi, sai ya wuce. Maigidan ya taɓa ni ya ce, "Amarya, har yanzu kina son in gina miki bukkar?" Na harare shi na ce, "A'a, katin waya nake so, zan kira Inna."

Na kira ta kuwa a daren, duk da can gida dare ya raba. Ta ɗauka a firgice, da ta ji lafiya sai ta hau ni da faɗa, a bayanta ina jin autarmu ta farka tana mitar an tashe ta, wata kuma tana cewa a tambaye ni ina jakar da na yi mata alkawari. Na saurari inna har ƙarshen faɗanta ban katse ta ba.

Washegari na jiƙa wake na soya ƙosai, na zuba a faranti na rufe, na tsaya a ƙofar tsohuwar nan gabana yana faɗuwa. Na ƙwanƙwasa. Ta buɗe kaɗan, sarƙar ƙofa tana maƙale, ta dube ni ta dubi farantin. Na ce mata ni ce maƙwabciyarta, wannan abincin garinmu ne, da wake ake yi. Ta karɓa ta yi godiya ta rufe. Kwana biyu faranti bai dawo ba, har na fid da rai. Rana ta uku da magariba, muna shirin cin abinci, sai muka ji ana taɓa ƙofa. Ita ce, riƙe da farantina, an jera wani irin biskit mai kirfa a kai, tana tambaya wai me na sa a cikin abin nan mai yaji haka. Na ce ta shigo in nuna mata. Kujerunmu biyu ne kacal a falon, sai maigidan ya miƙa mata tasa, shi ya zauna a ƙasa.